Abin Da Manoman Amurka Ke Faɗa In Sun Ɗaga Kofi Ranar 4 Ga Yuli

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka sam mini fili in yi tsokaci a kan rahoton da kuka buga makon jiya game da bikin ranar 'yancin kan Amurka. Na ƙaru da abin da wakilinku ya kawo na wasan wuta da faretin da ake yi a manyan biranensu a yau. Jimla ɗaya ce ta tsaya mini a rai. Da ya waiwayi tarihi, sai ya ce mutanen karkara na farkon kafuwar ƙasar taruwa kawai suke yi su ci su sha su yi harbe-harbe. Ci an ci, sha an sha, bindiga ma an harba, ban musa ba. Amma wannan "kawai" ɗin ta binne abin da ya fi komai nauyi a taron, wato maganar da mutanen nan suke yi in an ɗaga kofi, da yadda maganar ke tashi daga gindin bishiya ta karaɗe ƙasa baki ɗaya.

Da idona na ga abin da zan faɗa. Lokacin da nake karatu a wata jami'a a jihar Pennsylvania, na shekara biyu ina aikin wucin gadi a ɗakin karatu, a sashen da ake ajiye tsofaffin jaridu da aka ɗauke hotonsu a siririn fim. Aikina in ɗauko wa mai bincike naɗin da yake so, in ɗora masa a na'ura, in ya gama in mayar. Ranar da babu kowa, ni ma sai in zauna in yi ta murzawa. A nan na lura cewa kusan duk jaridar da na buɗe ta tsakanin 1790 da 1830, da na iso fitowar tsakiyar watan Yuli, sai in tarar da shafi cike da gajerun jimloli masu lamba, daga 1 zuwa 13, wani lokaci har 16 ko 17. A samansu an rubuta sunan wani gari da ko a taswira sai ka sha wuya kafin ka gano shi. Da fari na ɗauka dokokin wata ƙungiya ce. Wata dattijuwa mai kula da sashen ce ta fahimtar da ni. Ta ce waɗannan su ne kalmomin da aka ɗaga kofi a kansu ranar 4 ga Yuli, kuma in ina son sanin abin da ke zuciyar manomin wancan zamani, in ɗan ajiye littattafan shugabanni in karanta su. Na bi shawararta, kuma har yau ina gode mata.

Al'adar daga Ingila suka gado ta. In an gama cin abinci a liyafa, wani zai miƙe da kofi a hannu ya faɗi jimla ɗaya ta girmama wani mutum ko ta fatan wani abu, sai kowa ya kurɓa, alamar ya amince. Kafin 1776, mazauna yankunan da Birtaniya ke mulka a Amurka suna yin haka ranar zagayowar haihuwar Sarkin Ingila. Da suka ɓalle, ba su yar da kofin ba, sunan da ake kira suka sauya. Kalmar da ta fi kusa da abin a harshenmu ita ce kirari, sai dai nasu rubuta shi ake yi tun kafin ranar, a auna kowace kalma, kuma ana yi wa ra'ayi kamar yadda ake yi wa mutum. Don haka a wannan wasiƙa zan kira shi kirarin kofi.

Ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da muke magana a kanta. Ƙidayar farko ta 1790 ta sami mutum kimanin miliyan 3.9, kuma wajen kashi 95 cikin 100 a karkara suke. Amurkar lokacin ƙasar manoma ce. Gwamnatin tarayya ba ta sa ranar 4 ga Yuli cikin ranakun hutu na hukuma ba sai 1870, wato kusan shekara ɗari mutanen ƙauyuka su suka riƙe bikin da kuɗinsu da ƙarfinsu, ba wanda ya ba su umarni. Ga shi kuma farkon Yuli a jihohin arewa lokacin yankan ciyawar dabbobi ne da girbin alkama. Duk wanda ya san noma ya san manomi ba ya ajiye lauje a tsakiyar girbi, ya ɗaura doki a amalanke, ya kwashi iyalinsa su yi tafiyar sa'o'i, don abin da bai ɗauka da muhimmanci ba.

Da asuba ake buɗe ranar da ƙarar igwa da ƙararrawar coci. Garin da ba shi da igwa sai ya yi dabara. A wasu wurare maƙera ake zuwa, a kifar da uwar maƙera, a ɗura albarushi a ramin gindinta, a ɗora wata a kai a kunna, ƙarar ta kai nesa. John James Audubon, shahararren mai zanen tsuntsayen nan da ya zauna a Kentucky, ya ba da labarin wani taron 4 ga Yuli a bakin rafin Beargrass kusa da Louisville, inda igwar ta katako ce da aka ɗaure da zobban ƙarfe, albarushin kuma haɗin gida. Daga nan sai jerin gwano. Wata doka ta 1792 ta wajabta wa kowane farar fata namiji mai lafiya, daga shekara 18 zuwa 45, ya shiga rundunar mayaƙan yankinsa, to su ne ke gaba da ganga da sarewa, jama'a na biye, har coci ko harabar kotu. A can a yi addu'a, wani mai murya ya karanta takardar shelar 'yanci ta 1776 daga farko har ƙarshe, sannan wani lauya matashi ko malamin coci ko malamin makaranta ya yi doguwar huɗuba. Tsofaffin da suka yi yaƙin 'yanci ana zaunar da su a sahun gaba, kuma kowace shekara sahun nasu raguwa yake yi.

Abinci ko dai a gidan saukar baƙi na garin, ko a cikin kurmi kusa da idon ruwa, ƙarƙashin rumfar da aka yi da ɗanyun rassa. A kudu da Kentucky rami ake haƙawa a gasa dabbobi sukutum tun daren jiya. Sai an kwashe kwanuka ake shiga ainihin abin da ya sa na rubuto.

Makonni kafin ranar, mutanen gari kan zaɓi kwamitin shirye-shirye, kuma babban aikinsa shi ne rubuta jerin kirarin. A ranar akan naɗa shugaban taro ya zauna a kan teburi, mataimakinsa a ɗaya ƙarshen. Shugaba ya miƙe ya karanta na farko, a kurɓa, a harba bindiga ko igwa, a yi shewa, masu kiɗa su ɗan taɓa, sannan a shiga na biyu. An fara da 13 ne saboda jihohi 13 da suka yi tawaye. Tun bikin farko na 1777 a Filadelfiya lambar 13 ce ke mulki, har jiragen ruwa ma igwa 13 suka harba. Da Vermont ta shigo tarayya a 1791, Kentucky a 1792, Tennessee a 1796, Ohio a 1803, sai wasu garuruwa suka riƙa ƙara kirari ɗaya ga kowace sabuwar jiha, abin da ya bayyana mini 16 da 17 ɗin da nake gani. Wasu kuma suka tsaya a 13 ɗinsu.

Jerin yana da hanyar da ya saba bi. Na farko ranar kanta ce. Sai tsarin mulki, shugaban ƙasa, majalisa, waɗanda suka faɗi a fagen fama, sojan ƙasa da na ruwa, noma da ciniki da masana'antu, 'yancin jarida, makarantu, na ƙarshe kuma mata. Bayan rasuwar George Washington, shugaban ƙasar na farko, ranar 14 ga Disamban 1799, sai aka sami kirari guda da ya bambanta da sauran. In an zo kan tunawa da shi kowa miƙewa yake yi, a sha a tsaye, babu shewa, babu magana, kuma jaridu kan rubuta hakan a gefen jimlar. Na sha tsayar da na'ura a kan wannan layi ina hango mutum ɗari biyu ko uku, waɗanda minti ɗaya da ya wuce suke ihu, sun yi tsit a cikin kurmi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne jaridu ba su tsaya ga buga jimlar ba, har yawan shewar da ta biyo baya suke rubutawa. Wannan ya sami shewa 3, wancan 6, wani 9. Mai karatu a wata jiha mai nisa, in ya ga an yi wa shugaban ƙasa shewa 3 amma 'yancin jarida ya kwashi 9, ya gane saƙon ba sai an fassara masa ba. In kuma garin ya tsallake sunan wani babba gaba ɗaya, shirun ma magana ne, kuma editocin lokacin sun iya karanta shi.

In an gama na kwamiti, sai a buɗe fili ga na sa-kai. Nan duk wanda ke zaune a teburin yana iya miƙewa ya faɗi nasa, kuma za a buga shi da sunansa. A nan nake jin muryar talaka ƙarara. Kyaftin ɗin mayaƙan gari, mai injin niƙa, maƙeri, tsohon soja, kowa da abin da ke cinsa: hanyar da ba a gyara ba, mashigin ruwan da ake fatan a haƙa, banki, haraji, ɗan majalisar da ya ci amana. Jimla ɗaya gare ka, don haka sai ka wasa ta kamar wuƙa.

Kada wani ya ce ai maganar fatar baki ce. A watan Maris na 1816 'yan majalisar tarayya suka sauya albashinsu daga dala 6 a kowace ranar zama zuwa dala 1,500 a shekara. Da 4 ga Yulin shekarar ta zo, taruka a sassa daban-daban na ƙasar suka yi wa dokar ca a kirarin kofi, jaridu suka yi ta kwafa daga juna. Ba kirarin kaɗai ya yi aikin ba, akwai tarukan gari da takardun koke, amma yana cikin manyan hanyoyin da fushin ya fito fili. Da aka yi zaɓe, kimanin kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar wakilai ba su dawo ba, kuma a farkon 1817 aka soke dokar.

Yaya maganar ƙauye ke kaiwa nesa haka a zamanin da babu waya babu jirgin ƙasa? Dokar gidan waya ta 1792 ce sirrin. Ta bai wa kowane mai buga jarida damar aika kwafi ɗaya ga kowane takwaransa a ƙasar kyauta, ta kuma sa kuɗin kai jarida ga mai saye ya zama senti 1 in tafiyar ba ta wuce mil 100 ba, senti 1 da rabi in ta wuce, alhali wasiƙa mai shafi ɗaya tana cin senti 6 zuwa 25. Sakataren taro zai rubuta jerin ya kai wa mai buga jarida na gari mafi kusa, shi kuma ya buga, kwafi ya shiga jakar gidan waya, edita a wata jiha ya ga wanda ya yi masa daɗi ya sake bugawa. Jaridun ƙasar ba su kai 100 ba a 1790, amma zuwa 1800 sun haura 200, kuma dukansu suna jin yunwar abin cika shafi. Ranka ya daɗe, wannan ɓangaren na sana'arku ne, shi ya sa na so a ce rahoton ya taɓo shi. Manomin da ba zai taɓa ganin zauren majalisa ba ya san cewa jimlarsa, da sunansa a jiki, tana iya isa hannun ɗan majalisar kafin wata ya mutu.

Abu mai ƙarfi irin wannan ba zai tsira daga 'yan siyasa ba. A shekarun 1790, da ƙasar ta rabu tsakanin ɓangaren Alexander Hamilton da John Adams masu son tarayya mai ƙarfi da ɓangaren Thomas Jefferson, garuruwa da yawa suka koma yin biki biyu a rana ɗaya, kowa da mai huɗubarsa da teburinsa. Mutanen Jefferson suna ɗaga kofi ga Faransa da juyin juya halinta, suna kuma dagewa sai an karanta takardar shelar 'yanci, tunda gwaninsu ne ya rubuta ta. Ɗaya ɓangaren kuwa sun fi karkata ga Washington da tsarin mulki. Magana ma tana da haɗari a lokacin, domin a ƙarƙashin dokar hana sukar gwamnati ta 1798 an ɗaure wani David Brown wata 18 saboda sandar 'yanci da aka kafa a garin Dedham na Massachusetts mai ɗauke da rubutun suka. Manya ma da makamin suka yi faɗa. A wata liyafa a birnin Washington cikin Afrilun 1830, Shugaba Andrew Jackson ya ɗaga kofi ya ce dole a kiyaye tarayya, mataimakinsa John Calhoun ya mayar masa da cewa tarayya abar ƙauna ce amma bayan 'yanci. Da jimloli biyu ƙasa ta san sun raba gari.

Batun giya ba zan kauce masa ba. Ni Musulmi ne, ba na sha, kuma ba na yabon abin da ta yi wa mutanen nan. Manoman yamma sukan mai da masara da hatsinsu barasa saboda ta fi sauƙin ɗauka a kai kasuwa, har a shekarun 1820 galan guda kan faɗo zuwa senti 25. Zuwa 1830 abin da Ba'amurke baligi ke sha a shekara ya kai kimanin galan 7 na tsantsar sinadarin maye, ninki fiye da biyu na abin da suke sha a yau. In ka haɗa kirari 13 da na sa-kai 20 ko 30, ka san yadda wasu ke tashi daga teburin. Faɗa na ɓarkewa, kuma jaridun da ke buga kirarin su ne ke buga labarin wanda igwa ta fashe ta cire wa hannu. Amma dubi abin da ya biyo baya. Da aka kafa ƙungiyar yaƙi da shan giya ta Amurka a Boston a 1826, aƙidar ta bazu har ƙauyuka, sai garuruwa suka fara bikin 4 ga Yuli da ruwan sanyi. An zubar da barasar, amma kwamiti bai daina rubuta jeri ba, shugaban taro bai daina karantawa ba, jarida ba ta daina bugawa ba. Da sha ne ya tara su, da al'adar ta bi giyar sun tafi tare.

Akwai kuma waɗanda ba a ba kujera a teburin ba, kuma tarihin bai cika ba in an bar su. Ƙidayar 1790 ɗin nan ta lissafa bayi kusan 700,000. A kudu, sau da yawa su ne ke haƙa ramin gashin, su kwana suna juya nama, sannan su tsaya a baya suna jin ana karanta cewa an halicci dukan mutane daidai. Duk lokacin da na karanta jerin kirarin 'yanci daga Virginia ko Carolina, sai in duba shafi na gaba, kuma sau da yawa a nan nake ganin tallar neman bawan da ya gudu, da ladan wanda ya kamo shi. Wannan abu yana ƙona mini rai har yanzu. Da jihar New York ta kammala 'yanta bayinta ranar 4 ga Yulin 1827, da yawa daga baƙaƙen fatarta sun ɗage jerin gwanonsu zuwa 5 ga wata, kuma ranar 5 ga Yulin 1852 ne Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsere daga bauta, ya tsaya a Rochester ya tambayi masu sauraronsa mene ne wannan rana ga bawa. 'Yan asalin ƙasar kuwa, takardar da ake karantawa a taron ita kanta ta kira su marasa tausayi, ga shi kuma a kan filayensu sababbin garuruwan yamma suke bikin. Mata sun dafa, sun jera, an yi musu kirarin ƙarshe, amma galibi ba su ke miƙewa su yi magana ba. Nan da can dai nakan ci karo da kirarin da aka rubuta cewa wata baiwar Allah ce ta aiko, wani namiji ya karanta a madadinta, ba a ma faɗi sunanta ba.

Roƙona ga wakilinku shi ne in Allah Ya kai mu wata shekarar, ya ba wannan ɓangare ko da sakin layi biyu, ya cire "kawai" ɗin nan. In yana neman inda zai fara, ga Quincy, ƙaramin garin Massachusetts inda John Adams ya koma gonarsa bayan ya sauka daga mulki. A ƙarshen Yunin 1826, ana shirin cika shekara 50 da shelar 'yanci, mutanen garin suka tura masa wakilai. Yana da shekara 90, ba zai iya halartar taro ba, don haka suka roƙe shi ya ba su kirarin da za a karanta da sunansa. Ya ba su kalma biyu a harshensu, ma'anarsu 'yanci har abada. Suka tambaye shi ko zai ƙara wani abu, ya ce ko kalma ɗaya. Ranar 4 ga Yuli aka karanta kirarin a taron garin. Da yammacin ranar Adams ya cika, sa'o'i kaɗan bayan Jefferson ya rasu a gidansa na Monticello a Virginia.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon malamin tarihi, mai karanta jaridarku kowane mako